Daga Kunkurun Papert Zuwa Fadar White House: Tarihin Gasar Ƙera Wasannin Bidiyo ta Yaran Amurka

A watan Yulin 2009, Shugaba Barack Obama ya tsaya gaban taron cika shekara ɗari na ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, ya ja hankalin iyaye da su ɗauke wa 'ya'yansu na'urar Xbox, su sa su kwanta da wuri, su riƙa duba aikin makarantarsu. Wata goma sha huɗu bayan haka, ranar 16 ga Satumba, 2010, shi dai wannan shugaba ya sanar a Fadar White House cewa an buɗe gasa ta ƙasa baki ɗaya wadda yara 'yan aji biyar zuwa aji takwas za su fafata wajen ƙera wasannin bidiyo. Sunanta National STEM Video Game Challenge. Haruffan STEM taƙaitawa ce ta kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi a Turance.

Mai karatu zai iya cewa shugaban ya yi amai ya lashe. Da ƙyar in haka ne. Abin da ke tsakanin jawaban biyu shi ne bambancin yaron da ke zaune yana danna abin da wani ya ƙera da yaron da ke ƙera abin da wani zai danna. Wannan bambanci yana da tarihi na sama da shekara arba'in kafin Obama ya zo kansa, kuma koguna uku ne suka haɗu suka haifi gasar: ra'ayin wani masanin lissafi game da yadda yaro ke koyo, fargabar Amurka kada a bar ta a baya, da buƙatar kamfanonin wasanni ta wanke sunansu. Kowanne da abin da yake nema, kuma ba kullum ne buƙatunsu ke tafiya tare ba.

Kogi na farko: mutumin da ya ba yara kunkuru

An haifi Seymour Papert a Pretoria ta Afirka ta Kudu a 1928. Tun yana matashi ya yi adawa da mulkin wariyar launin fata, ya yi zurfi a ilimin lissafi, sannan daga 1958 zuwa 1963 ya zauna a Geneva yana aiki tare da Jean Piaget, masanin da ya shafe rayuwarsa yana nazarin yadda tunanin yaro ke girma. Abin da Papert ya ɗauko daga Piaget shi ne cewa ilimi ba ruwa ba ne da malami zai ɗura a tulu. Yaro da kansa yake gina fahimtarsa. Sai ya ƙara nasa a kai: ginin nan na cikin ƙwaƙwalwa ya fi ƙarfi idan hannun yaron yana gina wani abu a zahiri, wanda zai iya nuna wa wani, a duba, a soka, a gyara.

Da ya koma jami'ar MIT a Amurka, sai ya haɗa kai da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka fitar da harshen kwamfuta mai suna Logo a 1967. A wancan zamani kwamfuta abar jami'o'i ce da ma'aikatun tsaro da manyan bankuna, kuɗinta ya fi ƙarfin kowace makaranta. Cewa a ba yaro ɗan shekara goma sha biyu ita ya riƙa ba ta umarni, mutane da yawa sun ɗauke shi tatsuniya. Duk da haka, cikin gwaje-gwajen farko na Logo akwai wanda aka yi da 'yan aji bakwai a wata ƙaramar sakandare a garin Lexington na jihar Massachusetts. Ashe tun daga tushe, yaran wannan shekarun ne a tsakiyar labarin.

Abin da ya sa Logo ta yi suna shi ne kunkuru. Da farko mutum-mutumi ne mai taya, da alƙalami a cikinsa, yana yawo a kan takarda. Daga baya ya koma ɗan alama a fuskar kwamfuta. Yaro zai ce masa ya yi gaba taku ɗari, ya juya dama digiri 90, ya maimaita haka sau huɗu, sai ga murabba'i ya fito. In ya so zana alwatika, ya ce a juya digiri 60 domin haka aka koya masa kusurwar alwatika take, sai zanen ya ƙi rufewa. Dole ya tashi tsaye, ya taka da ƙafarsa, ya gane cewa juyin da kunkuru ke yi na waje ne, digiri 120. Babu jan biro, babu bulala. Zanen ne da kansa ya gaya masa akwai gyara. A littafinsa Mindstorms na 1980, Papert ya kafa hujja cewa wannan ɗabi'a ta neman inda kuskure yake a gyara shi ita ce babbar ribar, kuma cewa ya kamata yaro ne zai sarrafa kwamfuta, kada kwamfuta ta sarrafa yaro.

A farkon shekarun 1980 Logo ta shiga dubban makarantu a kan kwamfutoci irin su Apple II. Sai kuma zazzaɓin ya sauka. Roy Pea da Midian Kurland na kwalejin Bank Street a New York sun bi yaran da suka koyi Logo, ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa iya tsara aiki ya bi su zuwa wasu fannoni ba. Papert ya mayar da martani cewa tambayar tasu tamkar a tambaya ne ko katako na haifar da gida mai kyau, alhali magana na wurin magini. Amma shi ma ya yarda cewa makaranta ta shanye juyin da ya yi fata: aka tattara kwamfutoci a ɗaki guda, aka sa makulli, aka ware musu darasi ɗaya a mako.

Yadda wasa ya shigo

Ɗaliban Papert ne suka ɗauki mataki na gaba. A tsakiyar shekarun 1980, a makarantar Hennigan da ke wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi a Boston, Idit Harel ta ba 'yan aji huɗu aiki na wata da watanni: kowa ya ƙera manhajar da za ta koya wa ƙannensa na ajin ƙasa lissafin ɓangare, wato su rabi da sulusi da rubu'i. Sakamakon da ta bayar a littafinta Children Designers na 1991 shi ne, yaran sun fi takwarorinsu gane lissafin, sun kuma fi su iya Logo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa koyarwa: ba ka sanin iyakar fahimtarka sai ranar da aka ce ka fahimtar da wani.

Yasmin Kafai ta maimaita gwajin a wannan makaranta, amma ta ce wa yaran wasa za su ƙera. Littafinta Minds in Play ya fito a 1995. Me ya sa wasa? Domin wasa tsari ne na dokoki da ke cin juna. Wanda zai ƙera shi dole ya yanke abin da ɗan wasa ke nema, abin da zai tare masa hanya, yadda za a ƙirga maki, da lokacin da za a ce ya ci ko ya faɗi. In ya sa dodo ya cika gudu, babu mai tsira, abokansa su watse. In ya rage gudun fiye da kima, wasan ya zama lami. Kafin ya daidaita wannan, ya taɓa lissafin gudu da tazara, ya taɓa sharaɗi da maimaici, ya kuma koyi zama shiru yana kallon wani na fama da abin da shi ya ɗauka mai sauƙi ne. Alƙalin wasa shi ne wanda ya buga shi, kuma yara ba sa yi wa juna kara.

Abin da ya rage shi ne kayan aiki. A 1993 Mitchel Resnick da Natalie Rusk suka buɗe Computer Clubhouse a Boston, wurin da matasan unguwannin talakawa ke zuwa bayan an tashi makaranta. Abin da suka gani a can shi ya kai su ga Scratch, wadda MIT ta sake wa duniya kyauta a 2007. A Scratch ba a rubuta umarni da haruffa. Tubala ne masu launi da ake harhaɗawa, kuma tubalin da bai dace da wani ba ba zai shiga ba. Da haka aka kawar da abin da ya fi karya gwiwar mai koyo, wato a ce aiki ya tsaya cak saboda waƙafi guda. Microsoft ta fitar da Kodu a 2009, sannan a 2010 aka ƙaddamar da Gamestar Mechanic, wanda gidauniyar MacArthur ta tallafa wa bincikensa, inda yaro ke koyon ƙira ta hanyar gyara wasannin da aka ɓata da gangan. Da shekarar 2010 ta zo, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya na iya ƙera wasa mai aiki a yini guda.

Kogi na biyu: fargaba

Amurka ta daɗe da al'adar mayar da tsoronta kan ajin makaranta. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a watan Oktoban 1957, majalisa ta amsa da dokar ilimi don tsaron ƙasa ta 1958, ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsuna. A 1983, lokacin da masana'antun Japan ke cin kasuwa, rahoton A Nation at Risk ya ce makarantu sun lalace. A 2005 cibiyoyin kimiyya na ƙasar suka fitar da rahoton Rising Above the Gathering Storm, wannan karon ido na kan Sin da Indiya. Shirin Educate to Innovate da Obama ya ƙaddamar a watan Nuwamban 2009 ɗa ne ga wannan zuriya, kuma a ƙarƙashinsa gasar wasannin ta fito.

Gasa ma tsohuwar hanya ce. Tun a 1942 kamfanin Westinghouse ya fara ɗaukar nauyin gasar zaƙulo haziƙan kimiyya a manyan sakandare. Gasar duniya ta ilimin kwamfuta ta fara a Bulgeriya a 1989. A 1998 Dean Kamen da kamfanin LEGO suka kafa FIRST LEGO League domin 'yan shekara tara zuwa goma sha huɗu, da kayan haɗa mutum-mutumi da aka raɗa wa suna Mindstorms don girmama littafin Papert.

To me ya sa aka fara da 'yan makarantar midil, wato daidai da ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare a wurinmu? Akwai dalili na bincike. A 2006 Robert Tai na jami'ar Virginia da abokan aikinsa suka wallafa nazari a mujallar Science, inda suka nuna cewa 'yan aji takwas da suka ce suna sa ran yin aikin kimiyya sun fi sauran yiwuwar kammala digiri a kimiyya, kuma wannan buri na yarinta yana da nauyi ko a tsakanin waɗanda makinsu na lissafi matsakaici ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai kuma wata damuwa: a 1984 mata ne ke karɓar kusan kashi 37 cikin ɗari na digirin farko a ilimin kwamfuta a Amurka, amma zuwa 2010 adadin ya sauko ƙasa da kashi 20. In har 'yan mata na juya wa fannin baya, to kafin su kai babbar sakandare suke yanke shawarar.

Kogi na uku: masu kasuwa

Ruwa ba ya tsami banza. Cibiyar Joan Ganz Cooney, reshen bincike na masu shirin yara na Sesame Street, ita da kamfanin E-Line Media ne suka gudanar da gasar. E-Line kuwa shi ne mai fitar da Gamestar Mechanic, ɗaya daga cikin kayan aikin da ake shiga gasar da su. Cikin masu ɗaukar nauyi akwai Microsoft, mai Xbox da Kodu, da gidauniyar kamfanin AMD, da ƙungiyar kamfanonin wasannin bidiyo ta ESA.

Ita wannan ƙungiya cikin rigima aka haife ta. A watan Disamban 1993 sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka kira zaman sauraron bahasi kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat. Don gudun kada gwamnati ta sa musu linzami, kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu da hukumar tantance wasanni bisa shekaru a 1994. A daidai lokacin da Obama ke sanar da gasar, suna gaban Kotun Ƙoli suna ƙalubalantar dokar jihar Kalifoniya ta 2005 da ta hana sayar wa yara wasanni masu tashin hankali. Kotu ta ba su gaskiya a watan Yunin 2011, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu. Masana'antar da ake zargi da ɓata tarbiyya ba ta da hoton da ya fi na yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana nuna wasan kimiyyar da ta ƙera. Wannan bai sa gasar ta zama yaudara ba. Yaran da gaske suka ƙera wasanninsu. Amma mai son fahimtar abu yana tambayar wa ya biya kuɗin taron.

Abin da gasar ta yi

A zagayen farko an karɓi ayyuka fiye da 500 daga yara, waɗanda suka yi nasara suka sami kwamfutar tafi-da-gidanka. A zagaye na biyu aka buɗe ƙofa ga 'yan babbar sakandare, adadin ya haura 3,700. Wani abu a tsarinta ya cancanci a tsaya a kansa: an yarda yaro ya shiga da rubutaccen tsarin wasa kawai, ya bayyana dokoki da manufa da matakai a takarda, ko da bai rubuta umarnin kwamfuta ko ɗaya ba. Wannan amincewa ce da cewa ƙira tunani ce kafin ta zama na'ura. A shekarun da suka biyo baya, masu gasar suka riƙa kai bita ɗakunan karatu da gidajen tarihi, tare da tallafin hukumar tarayya mai kula da waɗannan wurare.

Bitar nan ta taso ne daga wani rauni da ke jikin kowace gasa. Gasa tana gano yaron da ya riga ya iya, wanda akwai kwamfuta a gidansu da babban da zai nuna masa. Jane Margolis ta riga ta nuna a littafinta Stuck in the Shallow End na 2008 yadda makarantun Los Angeles da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa ke da kwamfutoci amma buga rubutu kawai ake koyarwa, yayin da ilimin kwamfuta na ainihi ke makarantar masu hali. In ba a kai koyarwa inda babu ita ba, kyautar za ta riƙa komawa gidan da dama akwai.

Akwai kuma saɓani da ruhin Papert kansa. A dandalin Scratch kowane aiki a buɗe yake: kowa na iya duba cikinsa, ya ɗauka, ya sauya, ya sake fitarwa da ambaton mai asali. Gasa kuwa tana son a san na wane ne, tana da ranar rufewa, kuma cikin dubbai kaɗan ne za su hau dandamali. Ranar rufewa tana da amfaninta, domin ita ke sa yaro ya kammala abin da da zai bari rabi. Sai dai yaron da ya faɗi yana iya tafiya da darasin da Papert ya shafe rayuwarsa yana yaƙa, cewa shi ba ɗan wannan fanni ba ne.

Salon ya bazu. Ostareliya ta fara tata gasar mai irin wannan suna a 2014. A 2015 ƙungiyar Games for Change ta buɗe gasar ɗalibai a makarantun gwamnati na New York, inda ake ba yara jigogi na al'umma su ƙera wasa a kai, kuma ake horar da malamai tun kafin a fara. Ingila ta bi wata hanya dabam: daga Satumban 2014 ta sa ilimin kwamfuta cikin manhajar karatu tun daga 'yan shekara biyar, wato ta mayar da abin haƙƙin kowane yaro maimakon kyautar wanda ya ci. Papert ya rasu ranar 31 ga Yuli, 2016, yana ganin tunaninsa ya shiga bakin shugabannin ƙasa, ko da yake ba lallai a siffar da ya so ba.

Inda labarin ya taɓa mu

Wannan tarihi na Amurka ne, amma ya ratso Afirka ta Yamma fiye da sau ɗaya. A farkon shekarun 1980 Papert da Nicholas Negroponte sun kai Logo ga yara a Dakar. A 2007 shirin Negroponte na ba kowane yaro kwamfuta, wanda tunanin Papert ne ginshiƙinsa, ya yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima a Abuja. Maganar sayen kwamfutoci miliyan guda da aka yi ta yi a lokacin ba ta tabbata ba. A 2018 kuma 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha suka ci zinare a rukunin ƙanana na gasar duniya ta Technovation a Amurka, da manhajar gano jabun magunguna. Yau Hausa na cikin harsunan da za a iya zaɓa a Scratch, kuma akwai nau'inta da ake saukewa a yi aiki ba tare da intanet ba.

Waɗannan misalai suna maimaita abin da Hennigan ta nuna tun shekarun 1980. Abin da ya yi aiki a can shi ne lokaci mai tsawo, malamin da ke kusa, da aikin da ke da mai amfani da shi na gaske, ko da ƙane ne ɗan aji uku. Inda aka kawo na'ura babu waɗannan, ƙura ce ta gaje ta. Don haka duk wanda aka kawo wa takardar neman tallafin gasa irin wannan, ko shugaban makaranta ne, ko jami'in ma'aikata, ko mai kamfani, yana da tambayoyin da tarihi ya riga ya shirya masa. Wata nawa yaran za su yi suna gini kafin ranar gasa? Wa zai horar da malamansu? 'Yan mata nawa ne a ciki, kuma makarantun gwamnati nawa? Za a karɓi wanda ya zo da tsarinsa a takarda domin babu wuta a garinsu? Sannan, ranar Litinin bayan an raba kyaututtuka an naɗe tabarma, ina yara ɗari tara da casa'in da ba su ci ba za su je su ci gaba da gyara wasanninsu?